Amsar da Ake Ɗora Rai a Kanta

Idan damina ta yi nisa, a tashar motar kowane garin kasuwa akwai tambayar da ke tarbar direban da ya shigo tun bai kashe mota ba: "Yaya hanya?" Mai tambayar galibi ɗan'uwansa direba ne da ya gama lodi, fasinja sun zauna, an ɗaure kaya, ɗan kamasho ya karɓi la'adarsa. So yake ya san ko ya tayar ko ya kwana, ga rayuka goma sha wani abu a bayansa.

Wani zai ce, "Lafiya lau, maigida, taka kawai," don ba ya son a ce shi ya hana wani neman abinci. Wani ya ce, "Sai dai Allah ya tsare," ya wuce teburin mai shayi. Amma akwai tsohon hannu, wanda ya ga jiya ya ga yau. Shi jingina zai yi da ƙofar mota ya ce: "Alhaji, da hantsi na haye mashigin nan, ruwa iya cinyar yaron mota, kuma ƙaruwa yake yi. Yadda yake yanzu, Allah ne masani. Na baro hadari yana haɗowa ta gabas. In ya zuba a can sama, kogin zai kawo ko ɗigo bai sauka a nan ba. In ka je ka tarar ya kawo, kada ka ce za ka tsaya a bakin ruwa ka jira ya janye, ka san dajin nan ba a yin magariba a cikinsa. In za ka tafi, tashi yanzu. La'asar ta yi ba ka haye ba, juyo ka kwana a garin baya."

Mutumin nan bai yi alkawarin komai ba, amma dubi abin da ya damƙa wa ɗan'uwansa. Ya faɗi abin da idonsa ya gani da lokacin da ya gan shi. Ya nuna inda saninsa ya tsaya, bai ji kunya ba. Ya ba shi lokacin yanke shawara, wato la'asar. Abin da ya fi jan hankalina kuwa shi ne yadda ya ɗaura ruwa da daji a magana guda. Da ruwa ne kaɗai, maganinsa jira. Da daji ne kaɗai, maganinsa sauri. Da suka haɗu, maganin ɗaya ya zama ƙofar ɗayan, kuma duk wanda ya ba da labarin ruwa ya yi shiru a kan daji, gaskiya ya faɗa amma ya tura mutum halaka.

Irin wannan amsa ake nema daga masana duk lokacin da bala'o'i suka hau kan juna, kuma ita ce ta fi ba su wuya. Mai auna motsin ƙasa yana ofishinsa, mai hasashen ruwan sama yana nasa, injiniyan madatsar ruwa da likitan annoba kowa da maigidansa da takardarsa. Kowannensu ya iya fanninsa, kowanne kuma yana da nasa rashin tabbas. Shi kuwa wanda za a ce wa tashi ko zauna, jiki ɗaya gare shi, iyali ɗaya, hanyar fita ɗaya.

Ga misali. Dutsen Pinatubo da ke tsibirin Luzon a ƙasar Filifin ya shafe kimanin shekara 500 shiru, har yawancin masu noma a gindinsa ba sa lissafa shi cikin duwatsu masu aman wuta. Ranar 2 ga Afrilu 1991 ya fara fesar da tururi. Masanan hukumar duwatsu masu aman wuta ta ƙasar, ƙarƙashin Raymundo Punongbayan, tare da ayarin masanan Amurka da Chris Newhall ya jagoranta, suka kafa na'urori suka shiga sauraron dutsen. Ba su da tarihin halinsa da za su dogara da shi, domin babu mai rai da ya taɓa ganin ya yi amai. A kusa da shi akwai garuruwa cike da jama'a, akwai mutanen Aeta da ke zaune a kan gangarensa, ga sansanin sojin saman Amurka na Clark. In sun ce a tashi dutsen ya lafa, ba mai sake sauraronsu. In sun jira tabbaci, tabbacin zai iso tare da wutar.

Abin da suka yi ya cancanci a tsaya a kansa. Suka zana wa hukumomi yiwuwar al'amarin reshe-reshe: narkakken dutse yana hawowa ko kuwa, in yana hawowa, zai fito ko zai tsaya a ƙasa, in ya fito, babban amai ne ko ƙarami, in babba ne, ta wane kwari zai gangara. Kowane reshe da ƙiyasinsa. Suka tsara matakan gargaɗi biyar, mataki na uku yana nufin amai zai iya aukuwa cikin mako biyu, na huɗu cikin sa'a 24. Suka fitar da taswirar wuraren da ke cikin haɗari a watan Mayu. Da suka ga takarda ba ta shiga zukata, sai suka riƙa nuna wa gwamnoni da kwamandoji da jama'ar gari wani bidiyo na masanin nan Bafaranshe Maurice Krafft, wanda ke nuna yadda gajimaren toka mai zafi ke share gari. Krafft da matarsa Katia sun rasu a dutsen Unzen na Japan ranar 3 ga Yuni na shekarar, kwanaki kaɗan kafin hotunansu su gama aikinsu a Filifin.

Ko a nan magana ta ɗan zame. Masana sun rubuta "zai iya aukuwa cikin sa'a 24," mutane da yawa suka ji "zai auku cikin sa'a 24." Tsakanin bakin mai faɗa da kunnen mai ji, shakkar ta faɗi ƙasa. Duk da haka gargaɗin ya yi aiki. Aka riƙa faɗaɗa da'irar kwashe mutane daga kilomita 10 zuwa 20 zuwa 30, aka kwashe kusan mutum 15,000 daga Clark ranar 10 ga Yuni, dubun dubatar mazauna yankin suka bar gidajensu. Ranar 15 ga Yuni dutsen ya yi aman da ya zo na biyu a girma a duk ƙarni na 20. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa an ceci aƙalla rai 5,000.

Sai dai a wannan rana ɗaya mahaukaciyar guguwar Yunya ta ratso ta kusa da dutsen. Iskarta ta watsa tokar ta ko'ina, har inda ba a sa ran za ta yi yawa ba, ruwanta kuma ya jiƙa ta. Toka in ta sha ruwa nauyinta kan ƙaru ƙwarai, wani lokaci ya ninka. Ta taru a kan rufin gidaje, ƙasa kuma tana ta girgiza saboda ruftawar ƙoƙon dutsen. Kimanin mutum 300 da suka rasu a lokacin aman, yawancinsu rufi ne ya faɗo musu, kuma gine-gine masu faɗin rufi, irin waɗanda jama'a kan fake a ciki, su suka fi saurin rushewa. A lura da ciwon abin. Shawarar mai tsoron toka ita ce a shiga ɗaki. Shawarar mai tsoron guguwa ita ma a shiga ɗaki. Kowace daidai ce ita kaɗai, amma da suka haɗu ɗakin ne ya zama abin tsoro. Ba mai hankalin da zai zargi masana don ba su san tun watan Mayu cewa guguwa da amai za su zo rana guda ba. Abin da za a ɗauka shi ne Yuni farkon damina ne a can, don haka jimla mai farawa da "in ruwa ya sauka a kan tokar" tana da gurbi a cikin irin wannan gargaɗi tun daga farko. Bayan wannan ma bala'in bai sallami mutane ba. A sansanonin da aka tsugunar da su, ƙyanda da gudawa da ciwon huhu suka kashe ɗaruruwa, yawancinsu yaran Aeta. Kowace damina kuma ruwa kan kwaso tokar da ta taru a kwaruruka ya mai da ita kwararar taɓo, har a Oktoba 1995, shekara huɗu bayan aman, taɓon yana binne unguwanni a garin Bacolor.

Komawa tasha, akwai direban da kuskurensa ya fi ɓoyuwa, shi ne mai ba da awo ba tare da lokaci ba. "Ruwa iya gwiwa ne," in ji shi. Gaskiya ne, da hantsi. Mai ji kuwa ya san motarsa na haye ruwa iya gwiwa, sai ya kama hanya da zuciya ɗaya. Adadi yana da kwarjini; in aka faɗe shi tsirara, mai ji kan ɗauka an gama magana.

Japan ta ɗanɗana wannan ranar 11 ga Maris 2011. Ƙasa ta girgiza da ƙarfe 2:46 na rana, cikin minti uku hukumar yanayi ta fitar da gargaɗin igiyar tsunami, saurin da ƙasashe kaɗan za su iya. Amma na'urorinta a wannan ɗan lokaci sun auna girgizar a maki 7.9, alhali maki 9.0 ce. Sai aka sanar da igiya mai tsayin mita 6 ga lardin Miyagi, mita 3 ga Iwate da Fukushima. Akwai garuruwan da katangar bakin tekunsu ta kai mita 10. Mutumin da ya ji mita 3, ya dubi katangarsa, me zai sa shi gudu? Kusan rabin sa'a bayan girgizar aka ɗaga ƙiyasin, amma girgizar ta riga ta katse wutar lantarki a wurare da yawa, gyaran bai isa kunnuwa da dama ba. Bala'i na farko ya toshe hanyar da za a bi a yi gargaɗin na biyu. A wasu gaɓoɓin ruwan ya hau tudu kusan mita 40, waɗanda suka rasu da waɗanda suka ɓata sun haura 18,000, ga kuma bala'in tashar nukiliya ta Fukushima da ya biyo baya. Abin da hukumar ta yi daga baya ya burge ni. Daga Maris 2013, in girgiza ta yi girman da ba za a iya auna ta nan take ba, sanarwar farko ba ta ɗauke da mita. Cewa ake yi igiya mai girman gaske na tafe, a gudu tudu, lambobi su biyo baya in sun tabbata. Hukumar da ke da tarin kayan awo ta yarda cewa akwai mintunan da faɗin "abin ya fi ƙarfin awonmu" ya fi ceton rai.

Mai cewa "lafiya lau" kuwa, ba sai an daɗe a kansa ba, aikinsa a bayyane yake. A Kolombiya, taswirar da aka fitar a Oktoba 1985 ta nuna garin Armero a kan hanyar taɓon da zai gangaro in dutsen Nevado del Ruiz ya narkar da ƙanƙarar da ke kansa. Ranar 13 ga Nuwamba toka ta fara sauka a garin da yamma, aka riƙa gaya wa mutane su kwantar da hankali su zauna a gida. Dutsen ya yi amai jim kaɗan bayan ƙarfe 9 na dare, aman ma ba babba ba. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wuta ta ɗauke. Taɓon ya ɗauki fiye da sa'a biyu kafin ya iso ta kwarin kogin Lagunilla, lokacin da ya isa mutum ya taka da ƙafa zuwa tudu. Fiye da mutum 20,000 daga cikin kimanin 29,000 na garin suka rasu. Masu kwantar da hankalin ba mugaye ba ne. Tsoron firgita jama'a a banza suke yi. Sun ɗauki rashin tabbacin cewa taɓo zai zo, suka mai da shi tabbacin cewa ba zai zo ba.

Dole kuma a yi wa tsoron nan nasu adalci, domin kwana a tasha ba kyauta ba ne. Direban da ya fasa tafiya ya rasa kuɗin yini, mai tumatur kayansa sun fara laushi, mai zuwa ɗaurin aure ya makara, kuma in gari ya waye aka ji kogin bai kawo ba, tsohon hannun nan ne zai sha magana. A tsibirin Guadeloupe na Faransa, a 1976, an kwashe sama da mutum 70,000 daga kewayen dutsen La Soufrière na tsawon watanni, dutsen kuwa bai wuce fesar tururi da toka ba, manyan masana biyu, Haroun Tazieff da Claude Allègre, suna ta sa-in-sa a bainar jama'a. Ba laifi ba ne masana su saɓa. Laifin shi ne a bar talaka ya zama alƙali tsakaninsu yana ɗauke da tabarma a ka.

Wani lokaci ma gudun da kansa ke kisa. A Satumba 2005, makonni kaɗan bayan guguwar Katrina ta nutsar da New Orleans, aka hango guguwar Rita ta nufo gaɓar Teksas. Mutane sama da miliyan 2.5 suka hau titi kusan lokaci guda, da yawansu daga unguwannin da ruwan teku ba zai kai ba, hotunan Katrina ne ke korarsu. Motoci suka cushe na tsawon sa'o'i, mai ya ƙare, zafi ya kusa maki 38. Kimanin mutum 100 suka rasu a cikin gudun, ciki har da tsofaffi 23 da motar da ta ɗauko su daga gidan jinya ta kama wuta a kusa da Dallas. Guguwar kuma ta karkata gabas ta sauka a iyakar Teksas da Luwiziyana. An gudu ba a tsira ba. An yi wa mutane bayanin guguwa, ba a yi musu bayanin titi da rana ba, kuma ba a fayyace da ƙarfi wa ya kamata ya tashi, wa ya kamata ya zauna ba. Wannan shi ne tsayawa a bakin ruwa har magariba ta yi a daji.

Abin da ke sa a ci gaba da sauraron tsohon direba ko bayan kogin ya ƙi kawowa shi ne bai taɓa cewa zai kawo ba. Cewa ya yi in hadarin ya zuba. Wanda ya bayyana sharaɗinsa tun farko, in abin bai faru ba yana da bakin bayani, kuma gobe ana iya tambayarsa. Akwai masu ganin jama'a ba za su fahimci shakka ba, gara a ba su umarni kawai. Ban yarda da wannan ba. Manomin da ke yanke shawarar shuka bayan ruwan farko, da ɗan kasuwar da ke ajiye hatsi yana jiran farashi, kullum cikin lissafin mai yiwuwa suke. Abin da ba sa yafewa shi ne a ɓoye musu, ko a yi musu magana da harshen da sai mai digiri zai gane.

Bangladesh ta nuna ana iya riƙe bala'i biyu a hannu ɗaya. Ƙasar da guguwa ta kashe mata aƙalla mutum 300,000 a 1970 da kusan 138,000 a 1991 ta gina tsarin 'yan sa-kai masu bin ƙauyuka da lasifika. Da guguwar Amphan ta taso a Mayu 2020, ana tsakiyar annobar korona, sai ga umarni biyu na karo da juna: likita na cewa kada a taru, mai hasashen yanayi na cewa a taru a mafaka. Ba a bar wa jama'a su warware da kansu ba. Aka ƙara yawan mafaka ta hanyar buɗe makarantu da wasu gine-gine don rage cunkoso, aka tanadi takunkumi da sabulu, aka kwashe sama da mutum miliyan 2. Waɗanda guguwar ta kashe a ƙasar 'yan gomomi ne.

A nan gida ba mu da dutse mai amai a bayan gari, amma haɗuwar bala'o'i ba baƙuwarmu ba ce. A 2022 ruwan sama mai yawa ya haɗu da sakin ruwan madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai a arewacin Kamaru, ambaliyar shekarar ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan guda da muhallansu. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shiga Maiduguri kamar yadda ya yi a 1994, a birnin da tuni yake ɗauke da ɗimbin waɗanda rikicin Boko Haram ya koro. Ruwa ya shiga kasuwa da asibiti da maƙabarta, macizai da kadoji suka fice daga gidan zu. Farkon Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Babu likitan da wannan ya ba mamaki, domin duk inda ambaliya ta haɗa ruwan masai da na rijiya, aka kuma cusa dubban mutane a makaranta guda, an san abin da ke biyowa, ko da ba a san rana da adadi ba.

Hukumomin da ke da ilimin suna nan. NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA na fitar da na ambaliya da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, NCDC na bibiyar annoba, NEMA na da alhakin agaji. Abin da nake fata shi ne kafin maganarsu ta isa gidan rediyo da mai unguwa da limamin Juma'a, a sami wanda zai zauna ya haɗa ta wuri guda, da Hausa da Kanuri da Fulatanci, ba tare da ya zubar da shakkar da ke cikinta ba. Sanarwar da ta ce "mazauna bakin kogi su koma tudu" ta bar mutum da tambayoyin da suka fi ta nauyi: wane tudu, ta wace hanya, akwai tsaro a can, wa zai duba masa gida da dabbobi, yaushe ne lokaci zai ƙure. Ya kamata sanarwar farko ta faɗi inda ruwa ya kai a ma'auni da ƙarfe nawa aka duba, abin da zai sa ya ƙaru cikin dare, makarantar da za a nufa, rijiyoyin da kada a sha bayan ruwa ya janye, da lokacin da za a sake fitowa a yi wa jama'a bayani, ko ruwan ya zo ko bai zo ba.